Kwaɗuwar Usta Mainasara

Duk wanda ya zauna a Umbadda, can yammacin Umdurman a ƙasar Sudan, a layin da ke bayan masallacin Hausawa, ya san Usta Mainasara ta ƙafafunsa kafin ya san fuskarsa. In ka leƙa gidansa da hantsin Juma'a, abin da za ka fara gani ke nan: tafin ƙafa biyu masu faso sun leƙo daga ƙarƙashin wata koriyar mota, sauran mutumin yana ciki. Sai ka yi wa ƙafafun sallama, a amsa maka daga can ƙasa, a ce ka miƙo sifana mai lamba goma sha uku tun da Allah ya kawo ka.

Motar ƙirar Ingila ce, irin ta tsere, ta girmi yawancin masu zuwa kallonta. Kujera biyu gare ta rak, ba ta da rufi sai ɗan tamfol da ake naɗewa baya. Gajeriya ce, cikinta kamar zai shafi ƙasa, fitilunta kuma sun bulluƙo sama. Matarsa Sakinatu ce ta dube ta ranar farko ta ce wannan ai kwaɗuwa ce, sunan kuwa ya bi ta har yau.

An haifi Mainasara a kambo, wato unguwar 'yan ƙwadagon gona, a Jazira kusa da Hasahisa. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa za shi Makka, guzuri ya ƙare masa a gonar auduga, ya ce bari ya yi kaka ɗaya ya wuce. Ya yi kaka arba'in, a nan aka binne shi. Mutanen kambo ba su san hawan mota ba sai a saman lori, bisa buhunan auduga, kowa ya riƙe igiya ya riƙe ransa. Wata rana Mainasara na tsinkar auduga a bakin hanyar ruwa, irin wannan motar ta zo ta wuce da wani babban ma'aikacin gona da matarsa. Ba gudun ne ya tsaya masa a rai ba. Abin da ya gani shi ne miji da mata zaune kafaɗa da kafaɗa, ba buhu, ba akuya, ba kowa a tsakaninsu, mayafin matar yana tashi, tana dariya. Bai taɓa ganin uwarsa ta zauna haka kusa da ubansa ba.

Da ya tasa ya gudo birnin Bahri, ya shiga garejin manyan motoci a unguwar masana'antu, ya koyi aiki har aka fara ce masa Usta, yadda ake kiran gwanin sana'a a nan. Shekara arba'in yana kwance ƙarƙashin loririka da bas-bas ɗin tashar Suk al-Shabi. Ya koma kambo ya auro Sakinatu, doguwa mai yawan tsokana, wadda uwarta ta ɗaura mata wata ƙatuwar laya a damtse ranar da za a kawo ta, ta ce kada ta kuskura ta cire a garin da ba ta san kowa ba. Ba ta cire ba kuwa. Fatar layar ta yi baƙi ta yi sheƙi, ta zama kamar wani sashe na hannun.

Shekarar babbar ambaliya wani ɗan kasuwa Bagirke da ke shirin barin ƙasar ya kira shi gyaran janareta a Khartoum. A bayan gidan, gindin dalbejiya, ya ga motar, laka ta cika ta har kujeru, kaji suna ƙwai a inda ake zama. Ya ce ba ya son ladan aikinsa, a ba shi wannan. Bagirken ya dube shi kamar mai taɓin hankali, ya ce ya ɗauka har da kajin. A bayan lori aka ƙetaro da ita gadar kogi, maza takwas suka sauke ta a tsakar gida.

Sakinatu ta zagaya ta sau biyu da goyo a bayanta.

"Ya Usta, to ina yaran za su zauna?"

"Ba ta yara ba ce, Hajja. Tawa ce da ke. Ranar da ta tashi zan ɗauke ki har kambo, ki sauka a ƙofar gidanku kowa na kallo."

"Yaushe ke nan?"

"Bayan Sallah."

Bai faɗi wace Sallah ba, ita ma ba ta tambaya ba. Aka yi shekara talatin da biyar.

Kada wani ya ɗauka lalaci ne. Ciwon Usta shi ne bai iya aikin shafa-shafa ba. Duk Sudan ba inda ake sayar da kayan wannan mota, sai dai ka ƙera ko ka roƙi wata motar ta ara maka. Wayoyin ƙafafunta daga tsofaffin babura ya tsinto su, ya yanke ɗaya-ɗaya. Lagireton sai da ya kai shi Bahri sau huɗu, kowace tafiya ya dawo ya ce likin bai yi masa ba. Ya yi shekara biyu yana neman koren fentin da ya dace da wanda ya gani a bakin ruwa yana yaro, alhali shi kaɗai ya san launin, a cikin kansa yake. Kuma Juma'a kaɗai yake da ita, daga safe zuwa kiran salla. Kowane noti da kowace kusa suna da gwangwaninsu, gwangwanayen halawa ne, alewar riɗi, jere a gindin katanga, sun fi ɗari.

Sakinatu ta fara da dariya, ta ƙare da zama rabin garejin. Ita ke yanka masa gasket, shimfiɗar da ke hana inji yoyo, daga kwali da almakashin ɗinkinta. Ita ta je kasuwar Umdurman ta zaɓo fatar akuya, ta ɗinke kujerun nan biyu da wani jan zare mai kakin zuma, ɗinki ƙanana a jere kamar haƙoran masara. Motar tana da kafireta biyu da dole su riƙa shaƙar iska daidai da juna, Usta kuwa loririka sun cinye masa kunne, sai ita ke sa tiyo a kunne ta saurari wannan ta saurari wancan, ta ce, "Na baya yana haki, sassauta masa." Cire iskar birki ma aikin mutum biyu ne. Sai ta tattare mayafinta ta shiga mazaunin direba, shi yana ƙasa yana kira: "Taka. Taka. Riƙe. Saki." Ta taka birkin motar nan ya fi sau dubu, motar ba ta taɓa motsawa da ita ko taku ɗaya ba.

Babban aikinta shi ne tuna wuri. Usta zai iya gaya maka kaurin fistan da ido, amma bai san inda ya ajiye tabaraunsa ba. "Hajja, ina notin famfon ruwa?" Daga madafa za ta amsa, ko juyowa ba ta yi: "Gwangwani na uku, bayan randa." Haka yaran suka girma suna kewaya Kwaɗuwa kamar yadda ake kewaya rijiya. Mazan biyu suka tafi ci-rani ƙasashen Larabawa, macen, Mawahib, ta yi aure nan kusa. Ciwon sukari ya kama Sakinatu, ta koyi yi wa kanta allura safe da yamma, ta ci gaba da taka birki.

Cikin watan Sha'aban na shekarar da yaƙi ya zo, Kwaɗuwa ta tashi. Murɗa ɗaya ta yi tari, ta kama, ta zauna da wani gurnani mai laushi da ya fito da duk layin waje. Mata suka yi guɗa. Malam Zubairu, ladanin masallaci, ya zo da gudu da buta a hannu. Usta ya buɗe wa Sakinatu ƙofar gefe da hannunsa, ya ce ta shigo su je ƙarshen layi su dawo.

Ta maƙe kafaɗa. "La, la. Shekara talatin da biyar ina jira, sannan in ɓata hawan farko a kwatamin Umbadda? Kambo ka ce. Je ka gwada abarka, ni sai bayan Sallah."

Ya je ƙarshen layi ya dawo shi kaɗai, yana ta washe baki. Ita kuwa ta sayi sabon mayafi mai ruwan ƙwai ta ajiye a akwati.

Saura kwanaki kaɗan Sallah, ran wata Asabar da safe, aka fara jin harbi daga wajen Khartoum. Mutane suka ce kwana biyu ne. Aka yi Sallah a ɗaka. Kafin wata ya zagayo masu bindiga sun fara bi gida-gida, kuma abin da suke fara tambaya kafin zinariya, kafin waya, shi ne mukullin mota. Mawahib ta zo da jaka a kai, ta sami gurbi a wata bas mai zuwa Jazira, ta durƙusa gaban ubanta.

"Baba, yalla, ku taso. Akwai wuri biyu, na roƙi direban. Maganin Iya saura na wata biyu, a nan ina za ku samu?"

"In tafi in bar arabiya ga wa?"

"Baba, ƙarfe ne fa!"

"In na fita da motar, shingen farko za su karɓe. In na bar ta, su zo su ɗauka. Ki tafi da uwarki, ni zan zauna. Abin nan ba zai kai damina ba."

Sakinatu tana ninke kaya a kan gado, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Wanda bai san inda tabaraunsa yake ba, shi zan bari shi kaɗai? Halas, magana ta ƙare, Mawahib, tashi kada motar ta tafi."

Ina son Usta, na ci abinci a gidansa, amma a nan ba ni da abin da zan kare shi da shi. Da ya ce tashi mu tafi, da ta tashi. Ya san haka, kuma bai ce ba.

Masu mota a lokacin kowa na da dabararsa, wani ya cire batir, wani ya kwance tayoyi ya ɗora motar bisa bulo. Usta ya yi nasa irin na Usta. Ya haƙa rami mai tsawo a gindin rumfa, ya kwance ƙafafun nan huɗu, da lagireto, da kafireta biyu, da salansa, da kujerun fata, ya shafe kowanne da baƙin mai, ya naɗe a leda da buhu, ya jera su ciki tare da jarkar fetur ɗaya, ya mayar da ƙasa ya daddaɓe, ya ɗora randa a kai. Sannan ya kwaɓa laka ya watsa wa koren fentin nan, ya zuba kashin kaji a ciki. Cikin kwana huɗu ya mayar da ita yadda ya same ta a gidan Bagirke.

Saura abu ɗaya. A cikin injin akwai wani ɗan baƙin abu da ake kira rota, bai fi babban yatsa ba, da ɗan tagulla a kansa. Shi ke juyawa yana raba wuta ga fulogai, in babu shi mota gawa ce ko da komai nata sabo ne. Na wannan motar kuwa sai da ya yi shekara shida yana nema. Ya zare shi ya sa a tafin hannun Sakinatu.

"Ki ɓoye. Kada ki gaya mini inda kika sa. In sun tono ramin, su tono. In sun dake ni, ba ni da abin da zan faɗa, tun da ban sani ba."

"Ko ka roƙe ni?"

"Ko na roƙe ki."

Ta yi dariya ta ce ai ko ta faɗa masa ma kafin la'asar ya manta.

Sun zo kuwa, su biyar, da rana tsaka. Suka zagaya Kwaɗuwa, ɗaya ya hambare ta da takalmi, suka yi dariya. Suka tambayi tayoyi, ya ce tun zamanin ambaliya ba ta da su, aka mare shi sau biyu don a tabbatar. Suka ɗauki firji da keken ɗinki suka fita. Ranar Usta har da 'yar waƙarsa yana wanke jinin baki, wai ya yi musu wayo. Sakinatu ta mayar da kwalaben allurarta ƙarƙashin randa inda ke da sanyi, tana ƙirga su da ido.

Layin ya watse. Aka bar tsofaffi da waɗanda ba su da inda za su: su biyu, da Malam Zubairu, da maƙwabciyarsu Barakatu, gwauruwa da ta taɓa yin aikin shara a asibiti, yanzu take dafa wake a babbar tukunya tana raba wa wanda ya rage. Wuta ta ɗauke, waya ta ɗauke, kantin magani na bakin titi aka fasa shi aka ƙone. Sakinatu ta raba allurar kwana ɗaya ta zama ta kwana biyu, sannan ta kwana uku. Damina ta sauka, yaƙin da aka ce ba zai kai ta ba yana nan daram. Sai kwalba ta ƙarshe ta ƙare.

Ta fara da ƙishirwa, randa guda ba ta isarta. Ta rame kamar ana zare ta. Wata safiya Usta ya kawo mata shayi ya tarar idonta a rufe, tana jan numfashi mai zurfi, ya kira ta ba ta amsa ba sai da ya girgiza ta. Barakatu ta shigo ta sunkuya ta shinshina bakinta, ta miƙe fuskarta a canje.

"Usta, wannan sai mustashfa, sai asibiti. Ruwa za a sa mata da allura, yau ko gobe. In ya wuce haka, sai dai haƙuri."

Asibiti ɗaya ne ya rage yana aiki, can arewacin Umdurman. Ba raksha, wato keke mai ƙafa uku, ba amalanken jaki, jakunan ma an kwashe. Malam Zubairu ya ce in a baro ne, cikin wannan caɓi da wannan rana, wuni guda ne, ba za ta kai ba. Usta bai tsaya jin ƙarshen maganar ba, ya riga ya ture randa ya ɗauki shebur. Ya ce su tare shi a shinge su karɓe motar, su ƙona ta in sun so, shi dai ta matsar da ita kusa, sauran ya goya ta.

Tsofaffi biyu, ɗaya ya haura sittin da biyar, ɗaya ya ba saba'in baya, suka tono abin da aka binne. Abin da ya kwance cikin kwana huɗu ya ɗaura cikin wuni ɗaya da rabi, yana zubar da noti yana rarrafe yana nema, ba mai ce masa gwangwani na uku. Malam Zubairu ya kai batir masallaci ya jona da farantin hasken rana. Da aka zo kan birki ladan ya shiga mazaunin direba, bai san taka ba bai san saki ba, Usta daga ƙasa ya daka tsawa, "Riƙe mana, Hajja!" Sai ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ladan kuwa ya riƙe.

Washegari da azahar komai ya hau. Ya buɗe murfin da rota ke zama ya ga wurin fayau, sannan ya tuna.

Ya shiga ɗaki ya durƙusa a bakin gado. "Hajja. Sakina. Rotan nan, ina kika sa? Na janye maganata, ki faɗa mini. Don Allah ki faɗa mini." Ta buɗe ido kaɗan, ba shi take kallo ba. Leɓɓanta suka motsa, ya kai kunnensa, kunnen da loririka suka cinye. Barakatu ta ce ruwa take cewa. Ya sake tambaya, ya yi lallashi, ya yi faɗa, har ya ɗaga murya a kan matar da bai taɓa ɗaga wa murya ba, sannan ya kama hannunta yana ba ta haƙuri. Ya jiƙa tsumma ya goge mata fuska da wuya da hannuwa, ya gyara mata layarta da ta zamo saboda rama, ya tofa mata addu'a.

Ya juye gidan. Gwangwanaye ɗari da wani abu ya zazzage a tsakar gida. Ya zubar da garin dawa, ya farke matasai, ya fasa randa, ya laluba saman katanga da cikin murhu da akwatinta, inda ya ga sabon mayafin nan a ninke. Barakatu ta kwance duk wani ƙulli na bakin zanen Sakinatu, ta laluba aljihun rigarta, ba komai sai allurar ɗinki da tsinken sakace. Matar da ta yi shekara talatin da biyar tana gaya masa inda komai yake, ya sa ta ɓoye abu, ta ɓoye shi da gaske.

Da ya ga rana na tafiya ya zauna ya fara ƙera wani. Ya yanko katako daga ƙafar gado, ya feƙe, ya huda, ya yanko tagulla daga kan famfo ya kafa. Ya sa, ya murɗa. Injin ya yi tari, ya kama, ya yi gurnani kamar tsawon karatun Fatiha, Malam Zubairu har ya ruga buɗe ƙofar gida. Sai katakon ya tsage, komai ya mutu. Ya ɗauko mariƙin tukunya na roba mai tauri ya fara goga na biyu. Yana cikin goga, bayan la'asar, ya ga inuwa ta tsaya a kansa. Barakatu ce, ta ja mayafinta ta rufe baki. Bai daina gogawa nan take ba, sai da ya ƙara ja uku ko huɗu, kamar hannun bai ji labari ba.

Maƙabarta ba ta shiguwa a lokacin, hanyar duk shinge ne da harbi, mutane a gida suke binne nasu. Malam Zubairu ya tsaya bakin ramin da suka tono jiya, ya duba tsawonsa, ya duba gabas, ya yi ta jan gemu kafin ya iya magana. Ya ce gyara kaɗan ramin yake so ya zama kabari. Usta da kansa ya shiga ya gyara. Ƙasar tana warin baƙin mai.

Barakatu ta yi mata wanka ita kaɗai. Da ta gama ta fito ta miƙa masa abu a hannu, ta ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, Usta, ba a binne mutum da wannan. Ka ajiye wa Mawahib." Layar ce. Ya karɓa zai sa a aljihu, sai ya ji ta fi yadda ya zata nauyi. Ya juya ta. Fatar tsohuwa ce baƙa, amma ɗinkin gefe ɗaya sabo ne, ƙanana a jere, da jan zare mai kakin zuma.

Ta yi tunani mai kyau, Allah ya ji ƙanta. Ba mai buɗe laya, ko masu bindigar nan tsoronta suke ji. Shi ma da hannunsa ya gyara mata ita a damtse, rotan yana tsakanin yatsunsa, yana roƙonta ta gaya masa inda yake. Bai yi kuka ba a lokacin. Ya zauna a ƙasa cikin notinan da ya zazzage, ya yanke zaren ɗaya bayan ɗaya don kada ya ɓata mata ɗinki.

Bai sa rotan a mota ba. Ya mayar da shi cikin layar ya rataya a wuya, ya ja tamfol ya rufe Kwaɗuwa, ya koma kwana a rumfa kusa da tudun ƙasar. Da masu bindiga suka sake zuwa ya nuna musu motar da hannu ya ce ga ta nan, suka murɗa suka murɗa ta ƙi, suka tafi da batirin. Kusan shekara biyu haka, wake daga tukunyar Barakatu, salla bayan Malam Zubairu. Ba ya taɓa sifana. In ka yi masa sallama fuskarsa kake gani, kuma da ka gwammace ƙafafun.

Da harbi ya yi nisa mutane suka fara dawowa, Mawahib ma ta dawo daga gudu na biyu, don yaƙin ya bi su har Jazira. Sai aka yi shela cewa ma'aikatan lafiya za su bi gida-gida su kwashe waɗanda aka binne a tsakar gida da filayen makaranta, a kai su maƙabarta. Aka ba layinsu rana, sati biyu bayan Babbar Sallah. Mawahib ta ce ranar ce ta fara ganin ubanta ya miƙe da sauri. Ya wanke lakar nan tas, koren ya fito. Ya aro batir. Ya goge kujerun fata da man gyaɗa, ya ɗauko mayafin nan mai ruwan ƙwai ya shimfiɗa a kujerar gefe. Ya farke layar ya sa rotan a mazauninsa. Murɗa ɗaya ta tashi, kafireta biyun suna shaƙar iska daidai, yadda Sakinatu ta bar su.

Ma'aikatan suka zo da fararen riguna da safar hannu, suka yi aikinsu a natse, suka sa ta cikin farar jaka suka rubuta lamba. Usta ya buɗe ƙofar gefe ya tsaya.

"Ya ɗana, a nan za ta zauna. Ni zan kai ta. Ba nisa, ina bin ku a baya."

Babbansu, mutum mai hankali da gajiya a ido, ya dubi motar ya dubi tsohon. "Ma'alesh, ya Hajj. Wallahi ba a hannuna yake ba. Kowa da lambarsa, kuma a motarmu za su tafi gaba ɗaya, kada a rikita."

"Alkawari na yi mata."

"Allah ya ba ka haƙuri, ya Hajj."

Lori ce suka zo da ita, buɗaɗɗiya, an riga an jera jakunkunan mamatan layuka uku a ciki. Suka ɗaga Sakinatu suka ɗora a sama, suka ja igiya suka ɗaure. Mawahib ta zo za ta shiga kujerar gefe, ya girgiza kai, ta koma ta bi Barakatu a raksha. Lorin ta tashi a hankali saboda ramuka. Usta ya sa giya ta ɗaya ya bi ta, ƙura na dukan fuskarsa, idonsa a kan farar jaka ta sama, hannunsa ɗaya a sitiyari, ɗayan ya danne mayafin kada iska ta ɗauke shi.